Mai Sunan Malam

Zuwa ga yayar su Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa Kano lafiya, kin tarar da Gwaggonki da mutanen gidanta ƙalau. Allah ya tsare ki a hanyar zuwa aiki da ta dawowa, ya raba ki da sharrin mota da na mutum. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ba zan cika ki da labarin gida ba, yanzu ai kin fi ni sanin inda ake samo labari.

Saƙonki ya iso. Babanku ya ce kin gaya masa a tasha, in har Inna ba ta son wannan aiki na gidan rediyo, za ki ƙarasa watan gwajin da suka ba ki, ki ajiye, ki dawo Rogo ki kama koyarwa. Ya faɗa yana kallon bango, ni kuma na saurara ina tsintar shinkafa. Na san abin da ya jawo. Ranar da aka ce sun ɗauke ki, a gaban ƙannen babanku na ce, "To, gulma ta samu albashi." Kowa ya yi dariya, ke ma kin yi, amma na ga tuwonki ya kwana a kwano. Ranar tafiyarki kuma ko zaure ban leƙo ba. Ke 'yar fari ce, kin san ba a koya mana zama da ɗan fari a yi hira ido cikin ido ba. Abin da bakina ya kasa, bari hannuna ya gwada. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke komai.

Kun yi shekaru a makaranta ana koya muku tarihin aikin jarida. Ni nawa tarihin daga bayan katanga na koye shi, a gidan kakanku mahaifina a Jajaye, lokacin yana malamin dagaci. Ɗan jaridarmu na farko sankira ne. In dagaci yana da magana, sai ya fito da yamma yana zaga gari yana shela. Maza na jin ta a bakinsa, mu mata sai abin da iska ta tsallako mana da shi. Kullum farkon muke ji, "Jama'a, dagaci na gaishe ku," sai kuma ƙarshen, "wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba." Tsakiyar, inda maganar take, ta tafi unguwar gaba. Sai washegari dillaliya ta shigo da kwanuka da zannuwa, ta cike mana gurbin, ta ƙara gishiri da yaji gwargwadon cinikin da aka yi mata.

Jarida kuwa wani mai keke ke kawo ta daga Karaye, ta riga ta kwana biyu a hanya. Kakanku zai zauna a zaure, ya gyara tabarau, dattawa su kewaye shi, ya karanta musu tun daga sama har ƙasa, har da tallan magani. Ya sha gaya mana cewa kafin zuwanta, kukan talaka a ƙofar fada yake mutuwa. Da ta zo, mutum yana ƙauye zai rubuta cewa gadarsu ta karye, a buga, a karanta a garuruwan da bai taɓa takawa ba, wani babba ya kasa zama a kujerarsa. Ya ce har waɗanda suka nemi Turawa su tattara su tafi, da alƙalami da tawada suka fara. Amma duk darajarta, jarida ba ta shiga cikin gida sai ta mutu. A lokacin ne za ta iso mana, an ƙunshe daddawa ko barkono a ciki. Ni da na ɗan taɓa firamare, ba na barin ƙunshi ya tafi murhu sai na shimfiɗa shi na karanta.

A nan na yi kuskurena na farko. Azumi ya zo ƙarshe, ana ta lissafin ko gobe ko jibi, sai aka aiko da daddawa da hantsi. Na warware takardar, sai ga manyan baƙaƙe: an ga wata. Ban tsaya karanta layi na biyu ba, na zuba a guje ina cewa yau Sallah, jarida ta faɗa. Kakata Hajjo, wadda azumin ya riga ya gallaba, ba ta nemi shaida ba. Ta ce a dama mata fura. Ludayi ya kama hanyar baki ke nan kakanku ya shigo, ya karɓi takardar, ya duba wata 'yar kusurwa da maiƙo ya ɓata, ya ce ta bara ce. Hajjo ta ajiye ludayin tana hararar sa, ta ce, "Da ka ƙara jimawa kaɗan a zauren nan, me zai rage ka?" Bai dake ni ba. Ya ja kunnena ya ce labari kamar nono yake, kafin ki sha ki tambayi yaushe aka tatso shi. Ki riƙe wannan. Yanzu ma ina ganin hoton gobarar da aka yi tun Nafi'u na rarrafe yana yawo a waya, ana cewa jiya ne.

Rediyo ita ce ta fara shigo mana har tsakar gida ba tare da sallama ba. Lokacin an kai ni gidan babanku a Rogo Ruma. Ranar da surukata ta fara jin mace tana karanta labarai, sai da ta matso kusa da akwatin ta ce, "Wannan baiwar Allah ba ta da miji ne?" Ba a daɗe ba ta zama ita ce mai tsawata wa yara in lokacin labarai ya yi. A rediyo muka san in aka wayi gari da kiɗan soja maimakon gaisuwar safe, to mulki ya sauya hannu. A rediyo na koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, wanda da shi na riƙe ran Nafi'u har muka kai asibiti, shekarar da gudawa ta kama shi. Babanku kuwa ba ya yarda da labari sai ya murɗa ya ji shi a gida uku, na nan da na ƙasashen waje. Ina yi masa tsiya cewa batir yake ƙonawa. Ashe shi ya fi ni hankali, kada dai ki gaya masa na faɗa.

Yanzu ga abin da ban taɓa ba ki labarinsa ba. Kina bayana a goye aka yi shi.

Mazan garinmu sun tafi kasuwar Karaye da gyaɗa a motar katako. A hanyar dawowa motar ta faɗi. Wadda ta fara isowa gari da labarin wata tsohuwa ce, Iya Dije mai goro, da ke cikin motar da ta biyo bayansu. Gidanmu ne na farko in an shigo gari, sai ta faɗo mana tana haki ta nemi ruwa. Ta sha, ta yi salati, ta ce, "Mota ta faɗi da mutanenmu. Mai sunan Malam ya riga mu gidan gaskiya."

Kin san al'adarmu, mace ba ta kama sunan mijinta, ko na surukinta, ko na wani babba da ake jin nauyi. In wani ya ci sunan, sai a ce mai sunan wane. A garin nan in aka ce Malam, liman ake nufi, Malam Idrisu, don haka duk wani Idi mai sunan Malam ake ce masa. A motar kuwa akwai Idi, mijin Hansai maƙwabciyarmu. Wata zuciya ta ce mini, tambaye ta, wane Malam? Sai na ji nauyi. Ina yarinya, yaya zan titsiye tsohuwa tana cikin tashin hankali? Ba zan ɓoye miki ba kuma, akwai wani abu a ƙasan wannan nauyin. Akwai wani daɗi mara kyau da mutum ke ji in shi kaɗai ke riƙe da labari, ƙafarsa ta dinga ƙaiƙayi. Na gyara goyonki, ko takalmi ban tsaya nema ba, na shiga gidan Hansai na gaya mata.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Wadda ta riga kowa zuwa ita ce Ladidi, matar Garba, aminin Idi, wanda tare suka hau motar. Ita ta rungume Hansai, ita ta aika aka kwaso tabarminta aka shimfiɗa wa masu gaisuwa, ta ɗebo ruwa, ta ɗora tukunya. Da kunnena na ji tana cewa, "Ki yi haƙuri 'yar'uwa. Bari maigidan ya dawo, shi zai tsaya a kan komai, ai kin san yadda suke." Haka aka wuni.

Gab da magariba sai aka yi sallama, Idi ya shigo da ƙafarsa, hannunsa ɗaure da rawani. Mata suka watse, wasu har da tuntuɓe. Hansai ta miƙe ta koma ta zauna, ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Shi kuwa ko kallonta bai yi ba. Ya wuce har bakin murhu inda Ladidi ke tsaye da muciya, ya cire hularsa, ya durƙusa. Ta dube shi, ta gane. Sai a lokacin wata ta tuna cewa marigayi mijin Iya Dije, wanda ita take kira Malam, sunansa Garba. Tsohuwa ba ta yi ƙarya ba, Malam ɗinta take nufi, ni ce na kawo nawa na ɗora. Ladidi ta jingine muciyar a hankali, ta dubi matan da ke kusa ta ce, "To, a sauke tukunyar nan a kai gidana."

Babu wanda ya zage ni, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Babanku tambaya ɗaya ya yi mini: "Da kunnenki kika ji sunan?" Na ce a'a. Ya tashi ya tafi wajen gawa. Washegari aka karanta sanarwar rasuwar a rediyo, mai karatun ya faɗi sunan mamacin, da na ubansa, da sana'arsa, da garinsa, ya kuma maimaita. A da ina ganin wannan jan magana ne kawai. Ranar na gane don me suke yi: don kada a yi kuka a gidan da ba a yi mutuwa ba, kada kuma a bar gidan da aka yi ba kowa.

Na daɗe ban iya haɗa ido da Ladidi ba. Sai bayan shekaru, muna surfe mu biyu, na ce ta yafe mini. Ta tsaya da taɓarya ta ce, "Na yafe tuntuni. Amma bari ki ji. Da kika ce mai sunan Malam ne, ina rungume da Hansai, a raina cewa nake alhamdu lillahi da ba nawa ba ne. Ina wannan godiyar shi yana kwance a gefen titi. Ita nake nema wa gafara har yau." Ki duba, ban yi niyyar cutar kowa ba, amma na ɗora wa baiwar Allah nauyin da ta tsufa da shi.

Don haka ki tambaya. Kunya ado ce, ban kuwa raine ki ba tare da ita ba, amma in kin ɗauki abin naɗar maganarki, ki bar rabinta a gida. Ko hakimi ne, ki durƙusa ki gaishe shi yadda ya kamata, sannan ki ce, ranka ya daɗe, wane Malam? A wane gari? Kai ka gani ko gaya maka aka yi? Mutanenmu da kewaye suke magana, su ce wancan mutumin, su ce abin nan da ya faru, su ce an ce. Ba ƙarya suke ba, ladabi ne, amma ba ki da ikon cike musu gurbi da zatonki. In kuma mutuwa ce, kada ki bari uwa ko mata ta fara ji daga bakinki a rediyo tana cikin tuƙa tuwo. Ki jira a sanar da gida. Gara wani gidan rediyo ya riga ku, sauri ne ya haifi nawa kuskuren.

Kuskurena na uku daga na biyun ya fito. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ɗinke bakina, na ce ni da kai labari har abada. Wata shekara aka yi ta gargaɗi a rediyo a kan maganin ƙwari da ake zuba wa wake a buhu, cewa kada a ci sai ya sha iska ya daɗe, in yana wari ma a bar shi. Hansai ba ta da rediyo. Na shiga gidanta aron rariya, na tarar ta kwance bakin buhu, warin har ƙofa. Maganar ta zo mini nan wuya, na haɗiye. Na ce bakina ya taɓa ƙona gidan nan, ba zai sake ba. Washegari aka kwashi 'ya'yanta uku zuwa asibitin Rogo suna amai. Allah ya yi da sauran kwanansu, duk suka tashi. Da na je dubiya na kasa riƙewa na gaya mata na sani. Ta dube ni ta ce, "Ke da kika kawo mini mutuwar da ba a yi ba da gudu, ta gasken ce za ki zauna a kanta?"

Wannan maganar ta fi mari. Na ɗauka shiru mafaka ce, ashe shi ma yana da nasa gawarwakin. Wata rana za a ce miki ki bar magana kaza, babba ne, ko ɗan garinku ne, ko za a ji kunya. In kin tabbatar da ita, kuma rashin jin ta zai cuci mutane, ki faɗa. Ki faɗa da ladabi, ki ba wanda ake magana a kansa dama ya kare kansa, amma ki faɗa. In ba ki tabbatar ba, ko duniya za ta taru a kanki, ki ce ban sani ba tukuna. Ba a taɓa kai kowa asibiti don ya ji an ce ba a sani ba tukuna.

Kin ga ke nan, da na ce gulma ta samu albashi, ba ke nake zagi ba. Kaina nake gani a guje ba takalmi da goyo a baya. Tsoro ne ya sa hular ba'a ya fito. Na ji tsoron a ce abin da na yi wa gida biyu, 'yata za ta yi wa jiha guda da murya ɗaya. Na yi kuskure da na faɗa a gaban mutane, na kuma yi kuskure da na bar ki kika tafi da shi a ciki. Ki yafe mini.

Tun da kika tafi nake juya abin. Yanzu kowa yana da waya, kowa ya zama Iya Dije, kowa kuma ya zama ni. Saƙo zai shigo ba suna, ba rana, ba wanda ya gani, kafin a idar da sallar azahar ya zaga Rogo ya kai Jajaye ya dawo da ƙari. Ƙannen babanku da suka taya ni dariya su ne kan gaba wajen turawa. Daga sankira zuwa mai keke, daga akwatin rediyo zuwa wannan abin da ke hannun kowa, labari sai ƙara gudu yake, masu tsayar da shi su tambaye shi daga ina ne suka yi ƙaranci. In duk 'ya'yan da aka raina da tsoron Allah suka guji aikin don iyayensu mata sun yi musu ba'a, wa za a bar wa? Da a ce ranar nan akwai mutum ɗaya a tsakanin bakin Iya Dije da kunnen Hansai wanda aikinsa ke nan ya tsaya ya tambaya, da Ladidi ta yi kukan mijinta a kan lokaci, a ɗakinta.

Saboda haka kada ki ajiye. Kada ki dawo mini da akwati, ba ni da wurin ajiye shi, Nafi'u ya riga ya mamaye ɗakin. Na amince, da zuciya ɗaya, duniya da lahira. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki fita, ki ji maganar Gwaggonki ko da ta cika mita. Ki kuma yi mana Hausar da kika sha a nono, kada ki dinga tauna harshe kamar an haife ki a jirgi.

Abu ɗaya nake roƙo. Na ji masu kawo rahoto in sun gama sukan faɗi sunansu. Ranar da aka ba ki dama, ki faɗi naki cikakke, da na babanku, kada ki haɗiye rabi don kunya. Duk abin da kika faɗa, a san mai shi, a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa in kin yi kuskure. Ni tun ranar da aka raɗa miki shi ban taɓa kama shi da bakina ba, ko a cikin wasiƙar nan kin ga na kewaye shi, ba kuwa zan fara da tsufa ba. Ina son sa, ni na roƙi babanku ya zaɓe shi ta bakin surukata. Ke ki faɗa, ni in ji.

Babanku na gaishe ki, su Nafi'u ma haka. Ladidi ta ce a gaya miki tana sa miki albarka, ita na fara gaya wa kafin in ɗauki biro. Allah ya kiyaye fitarki da shigarki, ya tsare harshenki daga abin da ba ki gani ba, ya ba shi ƙarfi a kan abin da kika gani. Allah ya haɗa ki da shugabanni masu tsoron sa, ya dawo mana da ke lafiya in an ba ku hutu. Ki aiko a gaya mini ranar da kuma lokacin. Na riga na sa an sayo sabon batir.

Wassalam,
Innarku.